Kujera Biyu, Bayan Azahar

Ofishin ɗaki ɗaya ne, a bayan kasuwar Dole,
tsakanin baduku da mai gyaran rediyo.
Fanka na juyi kamar wadda aka yi wa dole.
Taswirar Termit ta koɗe a bango,
ƙuda ya sauka daidai inda aka zana rijiya.

Na ce kujera biyu nake so,
ni da tsohona.

Wardugu ya ajiye kofin shayi, ya jawo littafi.
Fitar safe ko ta yamma?
Na ce ta yamma,
da safe gwiwarsa ba ta jin magana.
Ya ce kin yi dace,
sai rana ta karya wuya naman daji ke barin inuwa.
Kwana biyu a hanya, Gure, Tasker,
daga nan sai rairayi da ikon Allah.
Ran na uku, in an sallame azahar, mu hau mota,
kafin magariba mun dawo zango.

Na kwance bakin mayafi,
na ƙirga masa adashen wata takwas.
Ya ƙirga, ya sake, ya danne da kofin.

Suna?
Nomau Baushe.
Shekaru?
Shekarar da fara ta cinye geron Mirriya aka haife shi,
rubuta tamanin, ba za ka yi nisa ba.
Sana'a?

Nan na tsaya.
Rediyon maƙwabci ya yi tari, ya yi shiru.
Na ce maharbi.

Alƙalami ya kwanta a kan takarda.
Ya ce ba bindiga, ba kwari da baka,
ba tarko, ko na kurciya.
Na ce bindigarsa na rataye tun ina goyon fari,
zanzaro ya yi gini a bakinta.

Ya ce wani abu kuma, kada mu yi faɗa daga baya.
Hanya nake sayarwa, ba barewa ba.
Daji ba ya sa hannu a takarda.
Wata rana mariri bakwai a kan tudu ɗaya,
wata rana tuje guda, shi ma daga nesa.
Akwai baƙon da ya biya ninkin wannan,
ya koma da hoton ƙaya.

Na ce ba komi.
Yana ta rufe masa ido shekara uku ke nan,
ni kaina da muryata yake gane ni.

To me za shi gani?

Sawu.
Cewa ya yi a sauke shi inda suka wuce,
ya durƙusa, ya shafa da tafin hannu.
Wai mariri arba'in da ɗaya na binsa bashi,
yana so ya ji ko sun bar baya.

Wardugu ya daɗe yana kallon taswira.
Ya kore ƙudan.
Sannan ya soke lambar kujera, ya rubuta wata.
Gaba zai zauna, kusa da ni.
Akwai wani sawu a gindin dutse, yamma da rijiyar nan,
damina biyu ina wuce shi, na kasa karantawa.

Na fito, duwatsun Birni sun fara ja.
Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida,
rasit na ninke cikin tafina, gumi ya taɓa hatimin.

Tsoho ya karɓa, ya murza, ya kai hanci.
Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi rana ba.
Ya ce daga ina iska ke busowa can a wannan wata?
Na ce ban tambaya ba.
Ya ce ki koma ki tambaya,
kuma kada ki shafa turare ran nan.

Da dare na farka shan ruwa.
Ga shi tsakar gida, ya tuɓe takalmi,
yana taku ɗaya-ɗaya wajen turken akuya,
diddige a sama, numfashi a riƙe.

Har ya dafa bayanta, ba ta ɗaga kai ba.