Ƙofar Da Ta Daina Gardama

Gidan ubana a bayan Kajaani,
duk shekara sai ya ɗaga kafaɗa ɗaya
kamar yaron da ya ƙi aike.
Ƙofa ta cije,
Baba ya ɗauko wuƙar sassaƙa ya fere gefenta.
Shekara ashirin yana fere ta,
har kyanwa ta riƙa shiga ba sallama.

Da gadon ya faɗo hannuna
na kira Aulis magini, mai kunne ɗaya,
ɗayan injin zarto ya cinye tun yana saurayi.
Ya zo da igiya da turaku huɗu,
bai ko dubi ƙofar ba.
Ya ce, "Tuulikki, ba ta da laifi.
Ruwan cikin ƙasa ne, in ɗari ya kama shi
sai ya daskare, ya kumbura,
ya ɗauki gida a ka, ba gammo."

Harsashi, in ji shi,
shi ne ka tona har inda sanyi ya gaji ya koma.
Na leƙa ramin, na leƙa aljihuna.
Na ce mu tsaya a gwiwa.
Ya juyo mini kunnen da ba ya ji.
Muka tona har ramin ya shanye shi,
hularsa kaɗai nake gani tana yawo.

Tsakuwa a ƙasa, bututu a gefe
don ruwa ya san hanyar fita.
Rodi ya ɗaure da waya, gaɓa gaɓa,
kankare ya bi ya rufe.
Rabin kuɗina ke nan,
kwance inda baƙo ba zai taɓa yabawa ba.

Kusurwa kuwa ba a yarda da ido.
Taku uku nan, huɗu can,
in tsakaninsu bai ba da biyar ba
a tuge turke, a sake.
Sau shida muka sake.
Ya ɗora ma'aunin ruwa bisa katako,
ɗan kumfa na rawa tsakanin layi biyu,
muka yi shiru har ya zauna.

Bango iri biyu ne, ya ce,
akwai mai raba ɗaki, akwai mai ɗaukar kaya.
Na farko ka rushe shi ranar da ka ga dama.
Na biyu, taɓa shi ka ga rufi a kan gadonka.
Na tuna innata Sirkka
da ba wanda ya lura da ita sai da ta rasu.
Ban faɗa masa ba.

Linta bisa taga,
don nauyi ya ratse, kada ya zauna wa gilashi.
Ulu tsakanin katako da katako,
gida a ciki yake sa rigarsa.
Kowace tsaga ya bi da yatsa ya toshe:
sai bango ya tsage sanyi ke samun wurin shiga.
Rufi ya miƙe shi tsaye tsaye
don ƙanƙara ta zame, kada ta kwana.
Indararo ne ƙarshe,
ya kafa shi yana tari, tsani na rawa,
ni ina riƙe da ƙafar tsanin ina zaginsa a zuci.

Ɗari ya zo, ya yi wata shida, ya tafi.
Ranar da tafki ya fara tsagewa
na tsaya a dokin ƙofa da kofi a hannu,
na tura ta da ɗan yatsa.

Ƙas.

Na buɗe, na sake.
Ƙas.

Wuƙar Baba na rataye a ƙusa, tana tsatsa.
Kyanwa na waje tana kuka,
sai na tashi na buɗe mata.