Daƙiƙa Ashirin

Ba ni da gudu, ba ni da murya,
ko a bishiya ba a taɓa sa ni a wasan kwaikwayo ba.
Malam Tanimu ya dube ni sama da ƙasa:
"Jafaru, kai ne mai ƙararrawa."

Wilin tsohuwar tifa ce rataye a reshen bedi,
da guntun rodi na bugawa.
Ya ɗaura min agogonsa mai tsagaggen gilashi,
sai da na ƙara wa fatar huji da ƙusa
kafin ya daina zamewa.

Zango na uku. Mangwaro ya ja baya,
hadari kullum ta Kufena yake haɗowa.
Ranar kacici-kacici, Rifkatu 'yar Wusasa
ta jero jihohi da manyan biranensu kamar ƙirgen gyaɗa,
ta zo kan Yobe, ta tsaya cak.
Ta san shi. Na ga Damaturu a kan leɓenta.
Lokaci ya cika, na buga.
Tun ranar, ko a bakin famfo, ba gaisuwa.

Huzaifa ya fito a likita
da farar rigar da ya aro wurin mahaucin Tudun Wada.
Gemun auduga ya ɓalle,
ya faɗa bakin majinyacin da aka ce ya riga ya cika.
Iyaye na shirin share hawaye
sai ga gawa tana ƙyalƙyalawa.

Ranar gudu usur ya ƙwace min aiki.
Ruwa ya wanke layukan toka tun da asuba,
Shamsiyya ta jefar da takalma ta ratsa laka,
Gidan Kore ya ci bokiti biyu da sandar sabulu,
Gidan Ja ya ce a sake aunawa.

Sai muhawara da 'yan Gyallesu:
waya a hannun ɗalibi, fitila ce ko gobara?
Zazzaɓi ya kwantar da Balaraba, bakinmu na farko,
aka waiga, babu kowa sai Sagir,
Sagir na bencina, mai i'ina,
wanda na sha kamawa a gonar makaranta
yana yi wa masara jawabi,
ita ko tana ta gyaɗa kai, ba ta katsewa.

Minti uku aka ba shi.
Rabin na farko ya tafi a kan "ma... ma... masu girma".
Wani a baya ya yi kukan akuya.
Sagir ya damƙe gefen tebur,
kalmomi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya
kamar ruwan famfon unguwarmu,
tari tukuna, sannan zubowa.

Tsinken agogo ya hau layi
yana tsakiyar jimlarsa ta ƙarshe.
Ƙaramar ƙararrawar zaure na hannuna.
Na kama harshenta da yatsa.
Ɗaya. Biyu. Bakwai. Sha biyar.
"Wu... wuƙa ma tana yanka," in ji Sagir,
"amma ba mu ga an daina girki ba."
Ashirin. Na sake ta. Zaure ya ɗauki sowa.

Malam Tanimu ya duba tsintsiyar hannunsa,
ya tarar da fata kawai.

Duk da haka da maki biyu suka doke mu,
suka tafi da kofi a bayan a-daidaita.
Sagir bai ci komai ba sai ruwan leda,
ya shanye shi yana murmusawa.

Ranar hutu na miƙa agogo.
Malam ya kara shi a kunne:
"Wani sa'in yana latti, ko?"
Na sunkuyar da kai.
"Riƙe shi zuwa zango mai zuwa."

A bakin ƙofa na ci karo da Rifkatu,
sakamakonta naɗe a hannu.
"Na ƙirga," ta ce. "Ashirin.
Ni ko biyu ba ka ba ni ba."
Na buɗe baki.
Na san amsar, wallahi na san ta,
tana nan kan leɓena,
ta ƙi fitowa.