Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe biyar na asuba, bayan garejin Wendell a Toledo,
ƙanƙara ta kwanta kan gilashi kamar garin kwaki.
Na murɗa makulli.
Gur-gur-gur-gur. Shiru.
Inji na juyawa, amma bai kama ba,
kamar dattijon da ya gyara murya
ya manta abin da zai faɗa.

Kwana uku na yi a ƙarƙashinta.
Nozul shida sababbi, filta sabuwa,
kowane noti da hannuna na ɗaure shi,
kuɗin hayar gida ne suka tafi a ciki.
Ga lodi na jira a Dayton ƙarfe tara,
banki kuwa bai san sanyi ba.

To, mu bi ta a sannu,
yadda maigidana Ilu ya koya mini a Panteka:
"Abu uku inji ke roƙo, iska da mai da matsi.
In ka ce ka ba shi bai tashi ba,
ɗayanku ya yi ƙarya, kuma ba shi ba ne."

Batir cike yake, kiki na harbi kamar jaki.
Fiyus na zare ɗai-ɗai, na ɗaga su a hasken waya.
Na bi wayoyi da yatsa har inda hannu ba ya shiga,
na bar fatar gwiwar hannuna a can.
Na ce ko ta sha iska ne.
A gida mai shan iska yawo ya fita,
mota kuwa in ta sha, ko taku ɗaya.
Na sassauta noti, na yi ta danna famfon hannu
har babban yatsana ya mutu.
Ba kumfa, ba mai, ba komai.

Wendell ya iso da kofinsa yana tururi,
ya jona na'urarsa, muka zuba mata ido.
Ta ce lafiya lau.
Ashe ita ma ta iya gaisuwarmu.

Ina zaune kan taya, ina lissafin asara,
sai ga Rahanatu da jakar makaranta,
uwarta ta aiko ta da shayi.
Na ce riƙe min tocila.
Ba ta haska inda na ce ba, ba ta taɓa yi ba.
Ta durƙusa gefen tanki, ta ce,
"Baba, wannan ɗan jan hannun,
me ya sa shi kaɗai ya kwanta a gicciye?"

Ni na rufe shi.
Ranar Litinin, don kada gas ya zube
ya ɓata wa mutum daɓen garejinsa.
Har tsumma na ɗaura masa don kada in manta,
ranar Laraba na kwance tsumman
na goge hannuna.

Na buɗe. Na danna famfo. Kumfa ta tofo,
sai mai ya biyo baya, wankakke, mai sanyi.
Na hau, na yi bisimilla, na murɗa.
Tari ɗaya. Tari biyu. Baƙin hayaƙi.
Sai ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin kujera.
Wendell ya yi dariya har kofi ya zube masa a takalmi,
ya ce yarinyar zai ɗauka aiki, ni in tafi makarantar.

Yanzu ina kan babbar hanya, na miƙi kudu,
rana na leƙowa ta bayan gonakin da aka girbe.
Sitiyari na warin gas, shayin ya huce.
Wajen Findlay na tuna Sabi'u ƙanena:
tun rigimar filin nan na ce bari in yi shiru
kada magana ta zube ta ɓata gida.
Shekara biyu ke nan.
Can yanzu azahar ta gabato.
In na sauke lodi, zan gwada lambarsa.