Kafin a Zuba Sanyi

Wata tara motarsa ta yi a gindin mangwaro
a Unguwar Dosa, damina ta bi ta kanta ta wuce,
ganye ya ruɓe a gilas, gizo-gizo ya yi saƙa a madubi.
Ran Talata na zaro mukulli daga aljihun rigarsa da ban wanke ba,
na tuƙo ta Panteka da kaina,
tagogi a buɗe, zufa na bin wuyana.

Na ce wa Dogara, "Gas kawai za ka sa, sauri nake."
Ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga bonet,
ya daɗe yana kallo kamar mai duba majiyyaci.
"Hajiya, ɗakin da za a sauke shi akwai wani a ciki.
Tiyon nan ya tsage tun bara,
iska ta shiga, ta shigo da laima,
laimar ta kwanta cikin mai ta yi lamo.
Ɗigo ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba,
in ya isa maƙogwaron bututu sai ya daskare, ya tare hanya.
Ki sha sanyi daga nan zuwa Kawo,
kafin Mando ya ɗauke.
Wanda bai daskare ba ya zama guba,
ya riƙa cin kwamfiresa ta ciki,
ba ƙara, ba hayaƙi."

Ya sauya tiyon. Ya ɗaura igiyoyinsa uku,
shuɗiya, ja, da rawaya,
ya kunna ɗan injin zuƙo.
Da fari ya yi ta tari kamar tsoho da asuba,
daga baya muryarsa ta sirance.

Na ce, "Me yake ja?"
Ya ce, "Babu muke nema.
In babu ta cika bututun nan,
ruwa zai tafasa ba wuta,
ya tashi da kansa ya fita."

Na zauna a kan kujerar wata bas da ta mutu.
Yaronsa Sallau ya kawo min zoɓo a leda.
Maƙera na dukan ƙarfe a layin baya,
wani na rantsuwa a kan kuɗin kabureta.
A aljihun mota na tarar da tabarau,
da rasit ɗin mai, da rabin goro ya bushe,
shatin haƙorinsa na nan.

Tun ranar sadakar uku ake ta zuba min:
ki yi haƙuri, ki koma aiki, ki sake fentin ɗaki.
Na karɓa duk, na gode.
Yakan riƙe ni daga safe zuwa azahar,
sai wani abu ya daskare a nan,
ƙasan maƙogwaro.

Wuta ta ɗauke. Sallau ya ja janareta.
Dogara ya ce lissafi ya koma farko.

Da minti arba'in suka cika ya murɗe bawul, ya kashe inji.
"Yanzu sai kallo.
In allurar nan ta motsa, akwai ƙofar da ba mu gani ba."
Muka tsaya mu uku a kan agogo,
ba mai magana.
Ƙuda ya sauka a gilashinsa, ya tashi.
Allura na nan inda aka bar ta.

Sannan ya ɗora tukunyar gas a sikeli
ya zuba da awo, kamar mai sayar da zinariya.

Na tayar da mota. Iskar ta fito a hankali,
ta fara da yatsuna, ta hau fuska,
tana ɗauke da sauran turarensa.
Ban san ya rage ba.

Da zan ja baya na ga ruwa na ɗiga a ƙarƙashi,
yana huda ƙasa mai baƙin mai.
Na sauke gilas, "Dogara, ga shi kuma!"
Ya leƙa, ya dube ni, ya kau da kai.
"Wannan na waje ne, Hajiya.
A bar shi ya zuba."