Buhu Biyu

Ni ne mai lodi.
Shekara tara ina juye yuriya
a cikin jirgin Olmiro Brandt,
kan wata 'yar hanyar ciyawa a bayan Itaqui,
taku ɗari bakwai daga rumfar taki zuwa shingen waya.
Bayan shingen shinkafa ce, har inda ido ya gaji.

Da asuba jirgin ba ya gardama.
Iska na da sanyi, tana da jiki,
fiffike na samun abin kamawa.
Yakan bar ƙasa tun bai kai kututturen turare ba,
ni kuwa in koma ga ƙoƙon shayina,
in tsotsa, in jira.

Ranar nan ta Janairu
sawu na talatin da ɗaya ya faɗo a tsakar rana.
Zafi ya tsinka iska kamar kunun da aka cika wa ruwa.
Hadari na haɗuwa ta wajen Argentina,
mai gona, Seu Telmo, yana duban sama, yana duban agogo.
Buhu biyu suka rage a ƙasa.
Ya ce, ai ba a tada jirgi don buhu biyu.
Na dubi Olmiro.
Ya ɗaga kafaɗa, yana goge gumi da hula.
Na juye.

Jar rigar da muka ɗaure a kan sanda
tun safe take nuna mu.
Ban ga lokacin da ta juya ba.

Ya wuce kututturen, wutsiya na ƙasa.
Ya wuce kwatar da ruwan jiya ya kwanta,
tayoyi na fesa taɓo.
Zakaran ƙeƙuwa ya tashi daga ƙwansa yana zage-zage.
Na ji bakina na cewa zubar, zubar,
kamar muryar mutum na iya cim ma inji.
Ya zubar.
Farin taki ya zubo daga cikin jirgin kamar an farke buhun gishiri,
hanci ya ɗaga,
saura kamu ɗaya.

Waya huɗu ce a shingen.
Ta sama ce kawai ta riƙe shi.

Ban tuna gudun da na yi ba.
Na tuna takalmina ɗaya da laka ta ƙwace,
da shirun da ya sauka bayan farfela ta tsaya,
har na ji kwaɗi.

Mutanen bincike sun zo da farar mota.
Sun auna ciyawa, sun auna zafi, sun tambayi nauyi.
Na faɗa.
Mai rubutu bai ɗago kai ba.
Ya ce abubuwa ne suka taru.
Neusa, matarsa, ba ta tambaye ni komai ba,
kwanon abincinsa kawai ta karɓa,
ta buɗe, ta ga bai taɓa waken ba, ta rufe.

Yanzu wani yaro ne ke tuƙi, ɗan Pelotas,
yana kirana tsoho mai rowar buhu.
Ya kira.

Inda takin ya zube, tsakiyar ta ƙone ƙurmus,
har yau ƙasa ce tsirara.
Amma gefe da gefe ciyawa ta yi baƙi don kore,
ta fi ko'ina tsawo,
doguwa, miƙaƙƙiya, har gindin shinge.
Shanu na son wurin.
Ni nake kora su duk safiya
kafin sawun farko.