Kiran Sa

Gervais bai iya karatu ba,
amma ya san ranar da ƙanƙara za ta saki ƙasa
a gonarsa ta bakin kogin Loire.
Ushirin alkama na coci ne,
kwana uku a mako na mai gidan dutsen kan tudu.
Abin da ya saura, shi da ɓeraye.

Aveline ce ke riƙe masa igiyar sa.
Tana sha shida ta bi masu goge birni,
ta bar takalmin katako a bakin murhu.
Bai yi kuka ba. Ya je ya gyara shinge.

Hunturu bakwai.
Sai fatake suka fara tsayawa a ƙofarsa:
"Kai ne uban wadda ke waƙa a fadoji?"
Wani ya ɓanɓare ƙyaurensa ya sa aljihu.
Wata ta roƙi ƙasar gonar a tsumma.
Ya ce, "Bar min, shuka nake a kanta."

Ran kasuwa wani soja da ya sha ya yi tatul
ya rera waƙar da ke bakin kowa.
Gervais ya ƙame, kwandon albasa a kafaɗa.
Wannan amshin, hola, hola, juya,
ai da shi yake juya sansa a ƙarshen kunya.

Ya koma gida bai sayar da komai ba.
Da asuba ya ɗaura garma.
A ƙarshen kunya ya buɗe baki,
muryar ta maƙale.
San ya waiwayo, ya ɗan jira,
sannan ya juya da kansa.