Makulli a Ƙarƙashin Dutse

Inda kwalta ta ƙare, tsakuwa ta karɓa,
inda tsakuwa ta gaji, sai ƙafa.
Na kulle mota, na bar Helsinki a cikinta,
na ratsa dogayen itatuwa masu farin ɓawo
har ruwa ya leƙo ni ta tsakaninsu.

Makullin na nan inda mahaifina Veikko kan bar shi,
ƙarƙashin dutse na uku daga matakala.
Ya yi tsatsa, amma ya buɗe.
Ƙanshin katako da tsohuwar toka,
kalanda ta tsaya cak a Agustan bara,
kofinsa a kife, kamar ya je gaɓa ya dawo.

Babu lantarki, babu famfo.
Bokiti biyu ne, ga tafki a ƙofar gida.
Ɗana Taneli ya ɗaga waya sama yana neman sabis,
ya hau dutse, ya sauko da fushi.
Kwana biyu sai ga shi kwance a kan gadar katako,
fatsar kakansa a hannu,
yana raɗa wa kifi magana.

Da yamma Aulikki ta tuƙo kwale-kwale daga tsallake,
da baƙin burodi da kifi mai ƙanshin hayaƙi.
Ta zauna. Muka yi shiru tare, rabin awa.
A nan haka ake ta'aziyya.

Na hura wutar sauna da itacen da ya faskara da hannunsa,
na watsa ruwa a kan duwatsu, suka yi tsaki,
turiri ya kama ni ta wuya
ya matse abin da na shekara ina haɗiyewa.
Na fita a guje, na faɗa tafki.
Wayyo sanyi! Sai na ji ina dariya.

Sha biyun dare, rana ta ƙi kwanciya,
ta jingina da kan itatuwa, ja kamar garwashi.
Can tsakiya wani tsuntsun ruwa ya yi kira mai tsawo,
ya jira, babu amsa, ya nutse.
Sauro dai bai san zaman makoki ba.

Gobe zan toshe ɓular jirgin.
Itacen da ya rage zai kai mu mako uku;
na baɗi kuwa, ni zan faskara.
Gatarin na nan a bayan ƙofa,
ƙotarsa ta yi sumul daidai inda yake riƙewa.